Takardar Tsohon Soja: Yadda Jika Zai Karanta Ta

   

An nemi in yi magana a kan takardun tsofaffin sojoji, irin waɗanda ake tsinta a ƙasan adaka bayan an yi rasuwa, a naɗe cikin tsumma tare da rasiɗan haraji da tsofaffin kuɗin da aka daina karɓa. A ƙasar nan tamu, daga Bebeji zuwa Kiru, daga Tudun Wada zuwa Doguwa har Riruwai, akwai gidaje da dama da za a ce maka, “Ai kakanmu ya je Yaƙin Bama,” ko “Baffanmu ya yi Yaƙin Basasa.” Wani lokaci sai a ƙara da cewa sojan ruwa ne. Wannan ƙarin ne ya fi ɓatar da jikoki, don haka zan daɗe a kansa. Mu mutanen tudu ne. Ruwa mafi girma da muke da shi, wato Tiga, a zamanin Audu Bako aka tare shi, aka kammala a 1974. To, me ya kai ɗan ƙasar Falgore cikin teku shekara talatin kafin wannan?

Kafin mu kai ga teku, a fara sanin wanda ya cika takardar. Akawun bariki ne, ko wani hafsa Bature mai jin Hausar bariki, kuma bai taɓa tunanin wata rana wani jika zai zo neman asalinsa a ciki ba. Abin da ya dame shi a san wanda za a biya albashi, a san wanda za a kamo idan ya gudu, a san ranar shiga da ranar fita saboda lissafin kuɗin sallama. Duk abin da ya shafi kuɗi da horo za ka same shi a rubuce da kulawa. Abin da bai shafe su ba, kamar sunan uba da ainihin ƙauye da shekarar haihuwa, an cika shi ne yadda ya sawwaƙa. Idan ka riƙe wannan, za ka san layin da za ka jingina da shi da layin da za ka yi wa kallon tuhuma.

Lamba ita ce abin da za ka fara kwafewa, harafi da harafi. A Yaƙin Duniya na Biyu lambar sojan da aka ɗauka a Nijeriya tana farawa da NA. Na Gwalkwas, wato Gana ta yau, GC ne, na Saliyo SL, na Gambiya GA. Waɗannan haruffa biyu kaɗai suna iya ba da labari. A ce mutumin Kiru ne, amma lambarsa ta fara da GC. To da alama fataucin goro ko cirani ya kai shi Kumasi ko wani zango na can, aka ɗauke shi soja a wurin, kuma tarihin rundunar Gwalkwas za ka bi ba na Nijeriya ba. Idan kuwa ka ga 63NA a gaban lamba, ka bar maganar Bama gaba ɗaya, wannan na mutanen Yaƙin Basasa ne.

Suna kuwa sai a yi hattara. Al'adar bariki ita ce a haɗa sunan mutum da sunan babban garin da ya ambata. Kurtu ya ce sunansa Audu, daga ƙasar Kano, sai a rubuta Audu Kano, ko da kuwa daga Kafin Maiyaki ya fito, bai taɓa shiga ƙofar Nasarawa ba. Masu irin wannan suna a runduna ɗaya ba sa ƙirguwa. Ga shi kuma Hausa ce harshen bariki a lokacin, don haka mutane da yawa daga kudancin Zariya da Binuwai da Adamawa da ƙasar Faransa, wato Nijar da Chadi, sun shiga soja da sunan Hausawa alhali ba Hausawa ba ne. Akwai kuma wanda ya baro gida saboda bashi, ko haraji, ko wata rigimar aure, ya ba da sunan da ba nasa ba da gangan. A kan wannan ka ɗora rubutun Bature, wanda zai rubuta Mamman yau, gobe Mama, jibi Momo. Shi ya sa idan za ka yi bincike a kwamfuta, da lamba za ka nema, suna ya biyo baya a matsayin shaida.

Shekarun da aka rubuta ƙiyasi ne na likitan da ya duba ƙirji da haƙora. Yaro ɗan shekara goma sha shida mai ƙiba zai zama ɗan ashirin a takarda. Amma akwai layi ɗaya da mutane ke tsallakewa wanda ya fi shekarun amfani, wato inda aka siffanta alamomin jiki. An rubuta su ne don a gane gawa ko a gane wanda ya tsere, sai ga shi sun adana mana askar gidan: zube nawa a kumatu, akwai bille ko babu, akwai kalangu ko babu. Kai wa tsohon wanzami wannan bayanin, zai iya faɗa maka abin da akawun bai sani ba. Sai layin addini. Ƙasar nan tana da Maguzawa tun fil azal, kuma jika Musulmi ko Kirista yana iya buɗe takarda ya tarar an rubuta kakansa mai bin addinin gargajiya ne. Wasu sukan naɗe takardar daga nan su mayar adaka. Ni a ganina ba abin ɓoyewa ba ne, domin ya nuna maka zamanin da gidanku ya sauya, kuma wannan ma tarihi ne.

Yanzu ga zuciyar takardar: bataliyar da aka tura shi, da ranakun. Takardar ba za ta ce maka ya yi yaƙi a wuri kaza ba. Za ta ba ka lambar bataliya kawai, kai ne za ka je ka nemo inda bataliyar take a wannan watan. Galibin sojojin ƙasa na Ingila a Afirka ta Yamma suna ƙarƙashin rundunar da ake taƙaita sunanta RWAFF (kafin 1928, WAFF), masu jar dara. Idan ranakun sun faɗa tsakanin 1914 da 1918, to yaƙin Jamus ne a Kamaru, inda aka ci Garwa a 1915, Mora ta miƙa wuya a 1916, daga nan aka kwashi wasu zuwa Afirka ta Gabas. Shahararren samanja Chari Maigumeri, wanda barikin Lokoja ke ɗauke da sunansa, da Jamusawa ya fara aikin soja a wannan yaƙi kafin ya koma wa Ingilishi, ya kuma kai har Habasha da Bama a yaƙi na biyu.

Idan ranakun 1940 zuwa 1941 ne, kuma bataliyar ta 1 ce ko ta 2 ko ta 3, to kakanku yana cikin birged ɗin Nijeriya da ya yaƙi Italiya a gabashin Afirka. Sun shiga Mogadishu a Fabrairun 1941, kafin ƙarshen Maris suna Harar a cikin Habasha. Bayan haka aka dawo da su gida, kuma da yawansu aka sake tura su Bama, don haka mutum ɗaya yana iya zama ya yi yaƙi biyu a nahiya biyu.

Ita Bama runduna biyu aka kai daga Afirka ta Yamma, ta 81 da ta 82, duka an kafa su a 1943. Bataliya ta 4 ta Nijeriya tana cikin Runduna ta 81, wadda ta shiga kwarin kogin Kaladan a farkon 1944, cikin duwatsu da kurmin da babu hanyar mota, abincinsu da harsashinsu daga jirgin sama ake jefo musu. Bataliya ta 6 da ta 7 da ta 12 an cire su daga wannan runduna aka ba Janar Orde Wingate, suka zama cikin mayaƙan da ake kira Chindit, waɗanda aka sauke da jiragen sama a bayan layin Japan a 1944. Saura kuwa, ta 1 da ta 2 da ta 3 da ta 5 da ta 9 da ta 10, suna cikin Runduna ta 82, wadda ta bi yankin Arakan ta gangara kudu a 1945. Rundunonin biyu sun haɗu a kan tsohon birnin Myohaung a Janairun 1945. Kun ga ke nan lamba ɗaya, 7 ko 9, ta raba tsakanin mutumin da aka sauke a tsakiyar dajin arewacin Bama da wanda ya yi ta tsallaka koramu a bakin teku.

Abin sha'awa, sunayen waɗannan wurare suna nan tare da mu ba mu lura ba. Barikin Dalet da na Kalapanzin a Kaduna, barikin Chindit a Zariya, Letmauk a Ibadan, Dodan da Myohaung da Arakan da Tamandu a Legas, duk daga Bama aka kwaso su. Idan wata tsohuwa ta ce mijinta yakan yi ta ambaton wani suna mai kama da ɗaya daga cikin waɗannan, a rubuta shi yadda ta furta, kada a gyara mata.

To, mu dawo kan sojan ruwa. Rundunar sojan ruwan Nijeriya ba a kafa ta ba sai 1956. Kafin nan akwai ma'aikatar jiragen ruwa ta gwamnatin mulkin mallaka, mai kula da tashoshi da fito da yashe koguna, wadda aka yi amfani da jiragenta a lokacin yaƙi. Akwai kuma 'yan Afirka ta Yamma da suka yi aiki a jiragen yaƙin Ingila, musamman ta Freetown, inda ayarin jiragen ruwa ke taruwa, da masu aiki a jiragen 'yan kasuwa irin na kamfanin Elder Dempster. Galibinsu mutanen gaɓar teku ne. Saboda haka idan aka ce ɗan Tudun Wada sojan ruwa ne a Yaƙin Hitila, abin da ya fi yiwuwa shi ne sojan ƙasa ne da aka ɗora a jirgin ruwa daga Legas, aka yi makonni a teku, aka zagaya ta Afirka ta Kudu ko aka bi ta Masar, aka sauke shi a Indiya. Ku duba lamarin ta idon mutumin da bai taɓa ganin ruwan da ya fi Kogin Kano da damina ba. Da ya dawo, labarin da zai fi bayarwa a dandali shi ne na ruwan da ba a ganin ƙarshensa, da amai, da tsoron jirgin ƙarƙashin ruwa na Jamus. Labarin daji da gawarwaki kuwa da yawansu sun haɗiye shi. 'Ya'ya suka tashi da labarin teku, jikoki suka mai da shi sojan ruwa. Babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu.

A Yaƙin Basasa, daga 6 ga Yulin 1967 zuwa 15 ga Janairun 1970, akwai wata hanyar ruɗewa. Runduna ta 3, wadda Benjamin Adekunle ya jagoranta kafin Olusegun Obasanjo ya karɓa a Mayun 1969, ana kiran ta Marine Commando, kuma duk wanda ya ga wannan a takarda zai ɗauka sojan ruwa ne. Alhali sojan ƙasa ne. Jiragen sojan ruwa, irin su NNS Nigeria da Ogoja da Lokoja, su suka kwashe su suka sauke a Bonny a Yulin 1967, sannan a Kalaba a Oktoba, daga nan suka ci gaba da yaƙi cikin fadamu har suka kama Fatakwal a Mayun 1968. Runduna ta 2 ta Murtala Muhammad ma tana da nata labarin ruwa, mai ɗaci, domin a Oktoban 1967 ta yi ta ƙoƙarin tsallaka kogin Kwara daga Asaba zuwa Anacha a jiragen fito, aka yi asarar rayuka masu yawa. A wannan watan ne kuma aka kashe fararen hula da yawa a Asaba. Na faɗi wannan ne don mai bin sawun runduna ya shirya jin abin da ba zai yi masa daɗi ba. Sai dai kasancewar mutum a runduna ba hujja ba ce cewa yana wurin da abu ya faru, ko na yabo ko na zargi. Runduna dubban mutane ce a warwatse, wani yana bakin daga, wani yana asibiti, wani yana tuƙa motar abinci.

Amma a ce da gaske sojan ruwan ne, domin akwai 'yan Arewa a ciki, har ɗan Jihar Kano, Awwal Zubairu Gambo, ya shugabanci rundunar daga 2021 zuwa 2023. Takardar sojan ruwa tsarinta daban. Irin ta Ingila, wadda tamu ta gaji al'adunta da yawa, jeri ne na sunayen jirage, kowane da muƙamin mutum da ranar da ya shiga da ranar da ya bari. Tarkon da ke ciki shi ne, sojan ruwa suna raɗa wa barikinsu na kan tudu suna kamar jirgi. HMS Eland a Freetown sansani ne a kan ƙasa. A nan gida NNS Beecroft da NNS Quorra suna Apapa, NNS Pathfinder yana Fatakwal, NNS Victory yana Kalaba, NNS Delta yana Warri, kuma babu ɗayansu da ya taɓa motsawa daga inda yake. Mutum zai iya yin shekara uku “a cikin” Beecroft ƙafarsa ba ta jiƙe ba. Akasin haka ma yana faruwa. Ƙananan jirage ba su da akawun albashi na kansu, sai a rubuta ma'aikatansu a littafin babban sansani, a sa sunan ƙaramin jirgin a gefe cikin baka. Wannan ƙaramin sunan na gefe shi ne inda mutumin ya kwana ya tashi, shi za ka bi.

A bayan irin wannan takarda ta Ingila akwai inda kyaftin ke auna mutum duk ƙarshen shekara. VG a layin hali yana nufin hali mai kyau ƙwarai, amma kada jika ya yi saurin yin kirari, kusan kowa haka ake rubuta masa muddin bai yi wani babban laifi ba. Abin lura shi ne shekarar da aka rubuta ƙasa da haka, domin a nan wani abu ya faru. A layin ƙwarewa Sat yana nufin ya gamsar, Supr ya yi fice. Haruffa biyu masu nauyi su ne DD, wato ya mutu yana bakin aiki, da R, wato ya gudu. Gudu daga soja ya faru da yawa, a ruwa da a tudu, musamman ga waɗanda ba da son ransu suka shiga ba. Kada mu manta ta hannun sarakuna da hakimai da dagatai aka bi wajen tara kurata a zamanin Sarkin Kano Abdullahi Bayero, kuma idan aka ce wa dagaci ya kawo mutum kaza, ba kowa zai kawo mai sha'awar kaki ba.

Lambobin yabo kuma, waɗanda yara ke wasa da su a tsakar gida, suna magana idan zarensu bai ruɓe ba. Na yaƙin farko an zana suna da lamba a jikinsu, don haka shaida ce mai ƙarfi. Na yaƙi na biyu kuwa Ingila ta raba su babu suna, saboda haka tauraro a adaka bai tabbatar da mai shi ba sai takarda ta goyi baya. Tauraron Bama zarensa ja ne a tsakiya, gefe shuɗi mai duhu da ratsin ruwan lemo. Tauraron Afirka launin yashi ne da jan ratsi a tsakiya, kuma ana ba da shi ne don yaƙin arewacin Afirka da Habasha da Somaliya, zaman bariki a Kaduna ko Zariya bai isa a same shi ba. Wanda zarensa ya haɗa shuɗi da fari da kore kamar an jiƙa su sun shiga juna, shi ne Tauraron Atilantika. Idan ka ga wannan a gidanku, to maganar teku ta samu ƙafar tsayawa.

Akwai mutane iri biyu da nake so mu yi wa adalci. Na farko, wanda takardarsa ta nuna Aux Gp a wurin bataliya. Waɗannan su ne rukunin masu ɗaukar kaya a ka. Sojoji ne masu lamba da kaki, amma aikinsu dakon harsashi da abinci da sassan manyan bindigogi da majinyata, a hawa da gangara, yawancinsu ba su da bindigar kare kai. Na ga jikokin da gwiwarsu ta yi sanyi da suka ji kakansu ɗan dako ne a Bama. Su sani cewa abin da ya sa aka iya tura rundunonin Afirka ta Yamma inda mota da alfadari ba sa zuwa shi ne waɗannan mutane, kuma harsashin Japan bai tambayi wa ke riƙe da bindiga wa ke ɗauke da akwati ba.

Na biyu ba shi da takarda ko kaɗan. Da Japan ta kama Malaya a 1942, Ingila ta rasa babbar hanyar samun kuza, sai ta juyo kan ma'adinan Jos. Daga 1942 zuwa 1944 aka yi ta kwasar talakawa daga lardunan Arewa ana kai su haƙar kuza dole, abin da mutane suka kira ɗiban gwamna. Sanyin dutse da yunwa da cuta sun kashe da yawa. Mutanen Riruwai ba sai an yi musu bayanin wahalar kuza ba. Idan a gidanku ana cewa an ɗebi kaka lokacin Yaƙin Hitila, ya dawo bayan 'yan watanni babu kaki babu lamba, to ku duba wannan ɓangaren kafin ku ɓata lokaci a kan Bama.

Wanda ya tafi bai dawo ba, wurin farko da za a duba shi ne shafin intanet na hukumar kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashen renon Ingila, CWGC. Kyauta ne, kuma ana nema da lamba. A maƙabartar Taukkyan kusa da Rangun akwai ginshiƙai ɗauke da sunayen mutum kusan 27,000 da ba a san kabarinsu ba, cikinsu har da 'yan Nijeriya. Za ka samu bataliya da ranar mutuwa, wani lokaci da sunan uba ko mata da gari. Ga yaƙin farko kuwa rashin suna ba ya nufin mutum bai je ba. Ita kanta hukumar ta fitar da rahoto a 2021 ta amsa cewa aƙalla mutum 116,000, galibi 'yan Afirka, ba a rubuta sunansu a ko'ina ba. Sannan kada a ga ranar sallama 1946 a ce akwai kuskure don yaƙi ya ƙare a 1945. Jiran jirgin da zai dawo da su gida ya ɗauki watanni.

Sauran wuraren nema zan ambata a gurguje. Kowace bataliya tana da littafin da ake rubuta abin da ya faru kullum, kuma na Bama suna ma'adanar takardun gwamnatin Ingila a Kew, ƙarƙashin WO 172. Da wuya su ambaci sunan farabiti, amma za su faɗa maka ƙauyen da kamfaninsa ya kwana ranar da takardarsa ta ce an ji masa rauni. Wanda ya samu lambar jarumta, bayanin abin da ya yi yana WO 373. A gida akwai ma'adanar takardu ta ƙasa a Kaduna, mai fayilolin Lardin Kano, da Gidan Arewa, da tsofaffin kofen Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fita a 1939 ta kuma bi labarin yaƙin da Hausa. Littafin John Hamilton, War Bush, ya bi Runduna ta 81 daki-daki, na C. N. Ubah kuma ya yi bayanin sojan mulkin mallaka da al'ummar Arewa. Ga na Yaƙin Basasa, a fara da ofishin ƙungiyar 'yan mazan jiya da hukumar fanshon soja a Abuja. Gargaɗi ɗaya: kada a miƙa ainihin takarda ga duk wanda ya zo da alkawarin zai karɓo muku wasu kuɗi daga Ingila. A ba shi hoto idan ya matsa.

Ita takardar, a ɗauki hotonta gaba da baya da waya, a cikin haske, a tura wa dangi da yawa. Kada a liƙe ta da salatif, kada a kai a manne ta cikin roba da zafi, domin zafin yana cin tawada kuma ba a iya ɓarewa daga baya. A shimfiɗa ta cikin farar takarda, a ɗaga ta daga ƙasa saboda gara da danshi.

Amma takarda za ta iya jira shekara goma. Gwaggo da inna ba lallai su jira ba, kuma su ne suka san abin da akawu bai tambaya ba. Da tsohuwar zuma ake magani. Kada ka tambayi tsohuwa shekarar da ya tafi, ba da wannan take lissafi ba. Tambaye ta da kaka ne ko da bazara, wa ke dagaci, wa aka haifa a shekarar, da wa suka tafi daga garin, su wa suka dawo. Tambaye ta abin da ya zo da shi, bargo ne, ko akwati, ko keken ɗinki, da abin da ya yi da kuɗin sallama, aure ya yi ko shanu ya saya ko kasuwa ya shiga. Tambaye ta ko ya koma gona, ko ya zama ɗan doka, ko direba, ko maigadi a Kano. A hankali kuma, idan ta sake, tambaye ta yadda barcinsa yake, domin wasu sun dawo suna firgita da dare har suka mutu, gari yana cewa soja ya taɓa su.

Idan za ka rubuta, raba shafi biyu. A dama abin da takarda ta ce, a hagu abin da aka faɗa maka, da sunan wanda ya faɗa da ranar. Inda suka saɓa, bar su a saɓe, kada ka zaɓi wanda ya fi daɗi ka goge ɗayan, domin wata takardar ko wani tsohon yana iya fitowa gobe ya raba gardama.

Na ga wasu sun zo da nasu takardun a leda. Idan an tashi su same ni a teburin nan mu duba tare, kowa ya fara karanto mini lambar da ke saman tasa. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya sa mu tashi lafiya.